Yanke casis ɗin tsohuwar akori-kura: ado ne ko gyara?

Idan kana bibiyar harkar tsofaffin motoci a Amurka, za ka ga wani yayi da ya daɗe yana tashe. Mutum zai sayi akori-kura mai dogon bodi, ƙirar Chevrolet C10 ta tsakanin 1967 da 1972, ya kai ta gareji a datse casis ɗinta, a cire wani yanki, a sake haɗawa da walda. Sai mota ta dawo gajeruwa. Masu yin haka sukan ce sun inganta ta. To, bari mu auna wannan magana da lissafi.

Kamfanin ya ƙera motar iri biyu. Mai gajeren bodi, tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da tsakiyar tayar baya inci 115 ce, bodinta kuma ƙafa 6 da rabi. Mai dogon bodi tana da tazarar inci 127, bodinta ƙafa 8. Manoma da magina sun fi sayen doguwar, domin ita ce ta aiki. Yau kuma masu tara motoci gajeruwar suke so, shi ya sa ta fi tsada. Daga nan dabarar yankan ta samo asali: ka sayi doguwa da sauƙi, ka cire inci 12, wato kimanin santimita 30, tsakanin tayoyin, ka rage kamar inci 8 a wutsiyar casis, ka samu siffar mai tsadar.

Me ka ƙaru da shi a kan titi? Abu ɗaya tabbatacce: juyawa. Idan ka murɗa sitiyari iya ƙarshe, faɗin da'irar da mota za ta zagaya yana bin tsawon tazarar tayoyi. Ka rage 127 zuwa 115, ka rage da'irar da kimanin kashi 9 cikin 100. Wurin fakin da shiga lungu za ka ji bambancin.

Amma lissafin nan yana da ɗaya gefen, wanda masu tallar yankan ba su cika faɗa maka ba. Duk lokacin da ka taka birki, nauyin mota yana zubowa kan tayoyin gaba. Yawan nauyin da ke zubowa ya danganta da tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa, a raba shi da tazarar tayoyi. Tazara ta ragu, zubowar ta ƙaru, a nan da kusan kashi 10 cikin 100. Akori-kurar da ba kaya dama bayanta ba nauyi. Idan ya ƙara sauƙi lokacin birki, tayoyin baya sun fi saurin ƙamewa su ja ƙasa, sai wutsiya ta nemi wuce kai. Motocin C10 na wancan zamani ba su da na'urar da ke hana taya ƙamewa, kuma sai a 1971 birkin faifai ya zama na ƙa'ida a gaban C10. Haka nan gajeruwar mota ta fi doguwa sukuwa a kan gargada.

Kada ka ɗauka wannan ya mai da ita abin tsoro. Ai kamfanin da kansa ya sayar da mai inci 115, mutane sun yi shekaru suna tuƙa ta. Abin da lissafin ya nuna shi ne musanya ka yi: ka ba da natsuwa a miƙaƙƙiyar hanya, ka karɓi sauƙin kwana. Wanda ya ce maka ingantawa ce zalla, bai gaya maka duka ba.

Inda haɗarin gaske yake shi ne wurin haɗin. Casis ɗin waɗannan motoci dogayen ƙarafa biyu ne, kowane an lanƙwasa shi kamar harafin C: bango a tsaye, leɓe a sama, leɓe a ƙasa. Idan kaya suka danna tsakiya, leɓen sama yana matsewa, na ƙasa yana jan kansa, tsakiyar bangon kuwa kusan hutawa take. Kowane rami da taya ta faɗa, wannan matsewa da jan suna maimaituwa. Ƙarfe yana gajiya da irin wannan maimaici, kamar yadda za ka karya waya da hannu in ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Tsagewa kuma takan fara ne daga inda ƙarfe ya sauya hali, kamar gefen walda da zafi ya taɓa.

Saboda haka ƙwararru da yawa ba sa yanka ƙarfen a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Sukan yanka shi a karkace ko da siffar Z, don layin walda ya yi tsawo kuma kada rauni ya taru a wuri guda. Sannan su ɗora farantin ƙarfe mai tsinin kai biyu a kan haɗin, wanda ke rarraba ƙarfin a hankali. Kafin walda, dole a auna casis daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In awon bai zo ɗaya ba, mota za ta riƙa tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, tana cin taya. Bayan haka ga farfela da za a rage a kuma daidaita ta kada ta yi rawa, ga bututun man birki, wayar birkin hannu, wayoyin wuta da salansa. Matsalar ita ce fenti yana rufe komai. Kyakkyawar walda da mummuna, in an goge an fesa baƙi, kamarsu ɗaya a hoto.

Nan ne batun gaskiya ya shigo. Mai saye yana da haƙƙin ya san an taɓa raba casis biyu, don farashi da kuma don ransa. A waɗannan motoci akwai takardar da kamfani ya manna a jikin murfin akwatin gaban fasinja, mai ɗauke da lambar samfuri. A nau'in bodin Fleetside, lambar da ta ƙare da 10734 gajeruwa ce daga masana'anta, mai 10934 kuma doguwa. Ka ga gajeruwar mota da lambar doguwa, to ka sunkuya ƙarƙashi da tocila.

Akwai kuma asarar da ba a aunawa da inci. Bodi mai ƙafa 8 yana ɗaukar allon katakon gini mai ƙafa 4 da ƙafa 8, a rufe ƙofar baya lafiya lau. Don wannan aiki aka yi motar. Duk wadda aka yanke, an rage ɗaya daga cikin shaidun yadda aka yi noma da gini a can shekaru 50 da suka wuce, kuma ba a ƙera sababbi.

Hukuncinmu? In casis ya riga ya ruɓe ko bodi ya lalace, gajartawa hanya ce mai kyau ta ceto motar, muddin gwani ne ya yi aikin kuma an ajiye hotunan kowane mataki don mai saye na gaba. In kuwa lafiyayyar doguwa ce a hannunka, ka tambayi kanka ko rage da'irar juyawa da kashi 9 ya kai a sa mata zarto. A ganinmu bai kai ba.