Mil 100,000 ba hukunci ba ne: yadda kasuwa ke kuskuren yi wa motocin sha'awa farashi

Ka taɓa tsayawa wajen dillalan motocin Kwatano ka saurari ciniki? Kafin a buɗe gaban mota, tambayar farko ita ce: "Nawa ne mailejinta?" Idan agogon ya haura mil 100,000, wato kusan kilomita 161,000, sai mai saye ya yamutsa fuska, farashi ya faɗi. Haka abin yake a Amurka da Turai, musamman kan motocin da ake saye don sha'awa irin su BMW M3 da Porsche 911. Mu a ganinmu wannan ma'auni ya gaza, kuma yana sa mutane asarar kuɗi ta fuska biyu: su guji mota mai lafiya, su rungumi mai ciwo a ɓoye.

Agogon mota nisa kawai yake ƙirgawa. Ɗauki motoci biyu a matsayin misali. Ta farko ta yi kilomita 160,000 a babban titi, tana tafiyar kilomita 100 a awa, ka ga injinta ya yi aikin awa 1,600. Ta biyu ta yi kilomita 60,000 kacal, amma a cunkoson gari, kilomita 20 a awa, nata injin ya yi awa 3,000 ke nan. To wacce ce tsohuwa? Ga kuma tayar da inji da sanyi. Lokacin da mota ta kwana, baƙin mai ya koma ƙasa ya yi kauri, ƙarafa ba su buɗe daidai awonsu ba, don haka a mintunan farko ne inji ya fi cin kansa. Gajeriyar tafiya kuma ba ta bari mai ya yi zafin da zai kori ruwa da fetur ɗin da suka sulale cikinsa. Motar gari tana shan wannan wahala sau da yawa a rana, agogo kuwa bai rubuta ko ɗaya ba.

Bari mu duba mota guda da kyau, BMW M3 samfurin E46, wadda aka ƙera daga 2000 zuwa 2006. Injinta, S54, mai silinda shida ne, lita 3.2, yana juyawa har kusan sau 8,000 a minti, wato sama da sau 130 a daƙiƙa ɗaya. A wannan gudun, ɗan siririn baƙin mai ne kaɗai ke raba sandar fistin da kirankshaf, a wurin da kanikawa ke kira mital. An san wannan inji da cin mital, har kamfanin ya kira motocin farko aka canza musu. In mital ya ƙare, inji ya buga, shi ke nan. Abin sha'awa, a jikin agogon juyin injin akwai 'yan fitilu da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya yayin da inji ke ɗumama, suna gaya wa direba ya dakata tukuna. Mai motar da ke jiran fitilun nan, yana zuba man 10W-60 da aka tsara mata a kan lokaci, zai iya miƙa maka inji mai ƙoshin lafiya bayan doguwar tafiya. Wanda ke taka totur tun daga ƙofar gida ya riga ya illata nasa da rabin wannan nisa.

Motar da aka ajiye ma ba ta tsira ba. Roba tana bushewa da shekaru ko an hau ko ba a hau ba: tiyon ruwa, sil, bushin, taya. Man birki yana shan danshin iska. Fetur da ya daɗe a tanki yana lalacewa. Sau da yawa motar da aka lulluɓe a gareji shekara goma, da ka fara hawanta kullum sai yoyo ya ɓarke ta ko'ina.

Masu kare motoci masu yawan tafiya suna son kawo labarin Irv Gordon, wani malamin makaranta a New York da ya sayi Volvo 1800S a 1966, ya haura mil miliyan 3 da ita a 2013. Labarin gaskiya ne, amma kada ka ɗauke shi hujja. Mota ɗaya ce, a hannun mutum ɗaya mai tsananin kula, kuma an yi wa injinta garambawul a hanya. Dubban 'yan uwanta da suka koma wajen 'yan gwangwan ba wanda ke ba da labarinsu. Sannan akwai inda nisa ke da tasiri na gaske, wato gajiyar ƙarfe. A E46 ɗin nan, ƙasan jiki inda aka ɗaure ƙafafun baya yakan tsage saboda maimaita lanƙwasa, kuma kowane rami da kowace fizga na ƙara masa. Maileji shaida ne guda ɗaya, sai an haɗa shi da sauran shaidu.

To me ya sa kasuwa ta maƙale masa? A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayani da misalin motocin hannu: mai sayarwa ya san halin motarsa, mai saye bai sani ba. Wanda ke cikin duhu kuwa duk abin da ya taɓa shi yake riƙewa, lambar agogo ita ce mafi sauƙin gani. Matsalar ita ce, da zarar lamba ta zama kuɗi, sai a fara murɗe ta. Tun 1972 Amurka ta mai da juya agogon mota laifi a dokar tarayya, amma har gobe ana yi, kuma agogon zamani da kwamfuta ake gyara shi cikin mintuna.

Idan kai ne mai sayen, ga abin da ya fi lambar amfani. Nemi rasitan gyara masu kwanan wata da maileji, ka ga ko suna hawa a jere. Bincika tarihin motar da lambar VIN. Duba robar feda da sitiyari da gefen kujerar direba, ko cinyewarsu ta dace da abin da agogo ke faɗa. Nace a tayar da injin a gabanka da sanyi. Sa makanike ya auna matsin kowace silinda, ya ɗaga motar ya haska ƙasanta. Inda ake iya gwada baƙin mai a ɗakin bincike, yawan dalma da tagulla a ciki alama ce ta mital na cinyewa.

Daga nan sai ka yi lissafi: kuɗin saye, haɗe da kuɗin duk gyaran da mai ita ya ɗage, haɗe da wahalar samo kayanta a garinku. Ka kuma tambayi kanka, ajiyewa za ka yi ko hawa? Ƙarin kuɗin da ake biya don ƙaramin maileji na masu ajiya ne, domin duk kilomitar da ka ƙara tana zaftare shi. Idan hawa za ka yi, M3 mai mil 130,000 da aka canza mata mital, aka ƙarfafa ƙasanta, ga takardu a hannu, ta fi mai mil 60,000 da ba wanda ya san inda ta kwana.