Jiran da Ke Gaban Ruwa: Baftismar Manya a Samaru da Sabon Garin Zariya

Baftismar babban mutum ba ta cin lokaci. A majami'un da ke nitsarwa, fasto yakan tsaya cikin ruwa iya ƙugu, a rafi ko a wani kwarmin siminti da aka gina a harabar coci, dattijo ɗaya na gefensa. A kira suna, mai suna ya gangaro ya harɗe hannuwa a ƙirji. Fasto ya tallabi ƙeyarsa, ya faɗi kalmomin baftisma, ya kwantar da shi ta baya har ruwa ya rufe fuskarsa, ya ɗago shi. A bakin ruwa matan Zumunta sun riga sun ware zane suna jira, tulu da kacau-kacau na tashi. Kafin a kai ƙarshen waƙa ɗaya an gama da mutum uku. Abin da ya cancanci nazari shi ne watannin da mutum yake yi kafin a bar shi ya taka ruwan nan, domin a ƙasar Zazzau nan ne nauyin al'adar yake, nan ne kuma take sauyawa a yau.

Kiristancin Hausawan Zariya da manya ya fara, don ba yadda za a yi ya fara da jarirai. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta Anglikan, CMS, ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikinsu, Likita Walter Miller, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya yi shekaru ba tare da wani taron kirki ba. Sai a 1913 ya haɗu da Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a wa'azinsa. Mutanen nan sun daɗe da nasu imanin game da Almasihu tun ba su ga Bature ba, amma duk da haka sai da aka zaunar da su aka karantar da su. An kafa musu zango a Gimi, ciwon barci ya watsa garin cikin 'yan shekaru, daga baya mishan ɗin kansa ya bar cikin ganuwar Zariya ya koma Wusasa a 1929. Darikar Anglikan tana yi wa jarirai baftisma, amma tubalan da ta yi ginin farko da su a nan mutane ne masu gemu da iyali, waɗanda suka san abin da za su rasa.

Sabon Gari ta wata hanya nasa Kiristancin ya zo. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi, tare da akawu da kafinta da ɗan kasuwa daga Kudu, da yawansu kuma da takardar baftismar jarirantaka a akwati. Samaru kuwa tashar binciken aikin gona ce tun shekarun 1920, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962 ta cika ta da samari da 'yan mata daga kowane lungu na ƙasar nan, a daidai shekarun da mutum yake fara tambayar kansa ko addinin da ya tashi a ciki nasa ne ko na iyayensa. Shi ya sa a layin masu jiran baftisma a waɗannan unguwanni biyu za ka tarar da mutane iri-iri. Akwai ɗan gidan ECWA ko Baptist, wanda darikarsu ba ta yi wa jariri, ana jira sai ya yi hankali ya nema da bakinsa. Shi ranar murna ce, uwarsa ma ta dafa shinkafa. Akwai wanda aka yayyafa wa ruwa yana goye, ya zo jami'a ya ce yanzu ne ya sami sabuwar haihuwa, yana so a nitsar da shi. Nasa rikicin da limamin garinsu ne, domin Anglikan da Katolika ba su yarda a maimaita baftisma ba. Sai kuma wanda ya fito daga waje ɗungum, Bamaguje daga ƙauyukan Giwa ko Ikara, ko ɗan gidan Musulmi. Ruwa ɗaya suke shiga, amma abin da kowa ya biya kafin ya iso daban ne, kuma na ƙarshen nan shi aka fi yi wa tanadin jira.

Jiran nan ajin baftisma ake ce masa. Bayan sujadar Lahadi ko da yammacin wata rana a mako, mai bishara ko wani dattijo yakan tara masu nema a kan benci biyu ko uku, a bi Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji, da shaidar bangaskiya, a yi bayanin ma'anar nitsewa da fitowa, wato mutuwa da tashi tare da Almasihu. Wata shida, shekara, wani lokaci fiye. Katolika, da suka farfaɗo da tsarin koyar da manya a 1972, sukan kai mutum har daren Ista kafin a zuba masa ruwa. Can a ƙarnonin farko na ikilisiya ma akan yi shekara uku ana wannan zama.

Ranar gwaji ita ce mai wuya. Mutum ya shiga ɗakin dattawa shi kaɗai, ya ba da shaidar yadda ya tuba. Tambayar haddar ayoyi ba ta da wani tsanani, wadda take sa gumi ita ce idan wani tsoho ya gyara zama ya ce, “Ɗana, mutanen gidanku sun sani?” Kuma kafin ranar, dattawan sun riga sun bincika a unguwa: yana cin bashi ya hana? Yana dukan matarsa? Ya bar zuwa gidan burkutu, ya kwance layun da ke damtsensa? Ashe ajin ba na karatu kaɗai ba ne, lokaci ne da jama'a take zuba wa mutum ido ta ga ko maganarsa ta sauka a halinsa.

Ba zan ce tsohon jiran nan ba shi da zalunci a cikinsa ba. An yi zamanin da wasu mishan suke son mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki kafin a karɓe shi. Ƙa'idar ta haifar da masu karatu, musamman bayan fitowar cikakkiyar fassarar Hausa a 1932, amma ta bar tsofaffi da yawa a bakin ƙofa ba don raunin imani ba. Wanda ya fi ciwo shi ne batun mata. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth a 1888 ya yanke cewa mai mace fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba, sai dai ya ci gaba da zama a aji. Manomi mai mata biyu sai ya zaɓa: ko ya mutu yana ɗan aji, ko ya sallami uwar 'ya'yansa wadda ba ta yi masa laifin komai ba. Sai a 1988, bayan shekara ɗari cif, taron ya sassauta, bisa sharaɗin kada ya ƙara aure. Har yau akwai darikun da ke riƙe da tsohon hukuncin, kuma a ganina duk ƙa'idar da mace marar laifi ce take biyan kuɗinta tana bukatar a sake duba ta.

Sababbin majami'un da suka cika Sabon Gari da hanyar Samaru tun daga shekarun 1980 sun gajarta jiran ƙwarai; a wasu, makonni kaɗan sun isa. Suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A littafin Ayyukan Manzanni, jami'in nan na Habasha a bakin hanya aka yi masa baftisma, mai tsaron kurkukun Filibi kuwa a daren da ya ba da gaskiya. Wa ya ba dattawa izinin riƙe abin da manzanni ba su riƙe ba? Ga ɗalibin da ya tashi a gidan Kirista, ban ga asarar da gaggawar take jawowa ba.

Amma ga wanda ya fito daga waje, Zariya ce wannan. Garin bai manta Maris na 1987 ba, lokacin da rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya iso nan aka ƙona majami'u masu yawa. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini, sai dai tsarin mulki ba ya ba mutum ɗakin kwana ran da aka fitar masa da kaya. Kuma iyayen da suka yi fushi ba mugaye ba ne. Uwa ce da ta yi imani har zuciyarta cewa ɗanta ya saida lahirarsa, tana kuka da gaske. Watannin aji su ne suke ba mutum damar ya tace niyyarsa, ya tabbata ba son wata yarinya ko neman aiki ko fushi da mahaifi ne ke tura shi ba, ya kuma nemi hanyar fuskantar iyayensa da ladabi kafin labari ya iske su a bakin wani.

Abin da aka fi mantawa shi ne jiran gwaji ne ga ita ikilisiyar ma. Wusasa, duk da ta ware mutanenta daga cikin birni, ta ɗauki nauyin waɗanda ta karɓa: ta gina makaranta da asibitin St. Luke, ta gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa, ta bar mutane da harshensu da rigunansu da sunayen kakanninsu. Daga cikin jama'ar nan aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Majami'ar da ke sujada da Turanci zalla, wadda rabin membobinta ɗalibai ne da za su watse bayan shekara huɗu, ba ta da wannan ƙarfin sai ta nema da gangan. Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, ƙungiyar Kiristoci Hausawa da Fulani da Barebari, tana cike wani gurbin, amma ba ita ke tsaye a cikin ruwa ranar baftisma ba. Faston da ya riƙe ƙeyar yaron da ya fito daga waje ya kamata ya riga ya san gidan da zai kwana idan aka rufe jami'a aka tafi hutu, wanda zai biya kuɗin zangon karatu na gaba idan gida suka janye hannu, da dattijon da zai zama ubansa ran da za a je nema masa aure.