Kwanton Ɓaunar Piet Hein a Gaɓar Kuba

A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, tare ayarin dukiya a teku ya fi ƙarfin igwa da jarunta kawai. Teku faɗi gare ta, kuma abin da jirgi ke gani bai wuce abin da idon mai gadi ya hango daga saman dirka ba. Shekara da shekaru Sifaniya tana kwaso azurfar Meziko da Peru a ayarin jirage masu rakiyar sojoji, abokan gabanta suna yagar jirgi ɗaya ko biyu. Wanda ya iya kame ayari sukutum da kayansa shi ne Piet Hein, ɗan ƙasar Holan, a watan Satumba na 1628.

Gwanintarsa ta fara ne daga sanin hanya. Ayari biyu ne ke tasowa, ɗaya daga Veracruz, ɗaya daga Cartagena, su haɗu a Havana, sannan su bi mashigin Florida inda igiyar ruwa mai ƙarfi ke tura jirgi arewa, daga can a miƙe zuwa Seville. Duk inda aka zaga, dole a ratsa ta gaban Havana. Kamar maharbin da ya san mashayar namun daji ne, sai ya bar bin sawu ya je can ya zauna. Hein ya san Sifaniyawa ciki da waje, don yana saurayi sun taɓa kama shi, ya yi kimanin shekara huɗu yana tuƙa musu jirgi a matsayin bawa.

Zaman jiran nan shi ne abin da ya fi burge ni. Jirage 31 ya taso da su daga Holan a watan Mayu, a ƙarƙashin kamfanin Holan mai kasuwancin yankin West Indies. Jirgin iska ba ya tsayawa cik a buɗaɗɗiyar teku. Igiyar ruwa kullum tana jan su gabas, sai an yi ta juya filafilai ana komawa baya, dare da rana, mako bayan mako, ga ruwan sha yana raguwa, ga lokacin guguwa ya kama. Labarin zuwansa ma ya fasu, har ayarin Cartagena ya ƙi fitowa. Duk da haka bai watsa jiragensa ba, bai kuma ɓata albarushi a kan ƙananan ganima ba.

Da ayarin Veracruz ya ɓullo, ƙarƙashin Juan de Benavides, sai ya tarar an tsare masa hanyar Havana. Wasu jiragen 'yan kasuwa suka faɗa hannu tun a waje. Benavides ya ruga da manyan jiragensa huɗu zuwa gaɓar Matanzas ta Kuba da magariba, da nufin sauke azurfar a tudu, amma suka kafe a rairayi. Nan Hein ya nuna ya san aikinsa. Bai tura manyan jiragensa cikin ruwa marar zurfi su ma su kafe ba. Ƙananan kwale-kwale ya cika da masu bindiga, suka matso ta gefen da igwa ba ta iya saitawa, suka saki wuta kaɗan, sannan aka yi wa Sifaniyawa kira da harshensu cewa duk wanda ya miƙa wuya ransa ya tsira. Suka miƙa. Ya sallami fursunonin da guzurin da zai kai su Havana a ƙafa.

An ƙiyasta ganimar a kan gilda miliyan 11 da rabi: azurfa, zinariya, lu'ulu'u, baba, jan rini na cochineal, fatu da sukari. Ba za a manta ba cewa guminta na 'yan asalin Meziko ne da ake tilasta wa haƙa a ramuka, kuma kamfanin da ya ci moriyarta shi ne ya ƙwace Elmina, a Ghana ta yau, a 1637, ya zurfafa cikin cinikin bayi. A 1629 masu hannun jari suka sami ribar kashi 50 cikin ɗari, kuma da kuɗin aka shirya rundunar da ta ci Pernambuco a Brazil a 1630.

Hein bai daɗe yana jin daɗin sunan ba. A watan Yuni na 1629 harsashin igwa ya kashe shi yana faɗa da 'yan fashin tekun Dunkirk. Benavides kuwa sarkin Sifaniya ya sa aka tsare shi shekaru, aka fille masa kai a Seville a 1634.