Dardumar Ardabil: Abin da Masu Yabo Suka Tsallake

Duk wanda ya karanta abin da aka rubuta game da dardumar Ardabil, wadda ke ajiye a gidan kayan tarihi na Victoria and Albert da ke London, zai tarar yawancin yabon a kan zane yake tsayawa. Ana ambaton da'ira rawaya da ke tsakiya, da ƙananan siffofi 16 da suka kewaye ta, da fitilu biyu da ke rataye a cikin fili mai duhun shuɗi. Yabon kuwa ya cancanta. Sai dai irin wannan nazari yana ɗaukar darduma tamkar hoton da aka zana da alƙalami, alhali kuwa ƙulla ta aka yi.

An yi dardumar ne a Iran, zamanin Shah Tahmasp na daular Safawiyya, domin hubbaren Shaihu Safiyyuddin da ke garin Ardabil. A gefe guda an saƙa baitin Hafiz, da sunan Maƙsud Kashani, da shekara ta 946 bayan Hijira, watau 1539 zuwa 1540. Tsawonta ya kai mita 10 da rabi, faɗinta ya ɗan haura mita 5.

To, yaya aka yi ta? Da fari akan ɗaure zaren tsaye a jikin masaƙa. Masaƙi ya ɗauki zaren ulu, ya naɗa shi a kan zaren tsaye guda biyu, ya yanke da wuƙa. Ƙulli ɗaya ke nan. In layi ya cika sai a ratsa zaren kwance, a danne shi da mataji mai nauyi, sa'an nan a daidaita gashin da almakashi. Haka ake hawa, layi bayan layi, daga ƙasa zuwa sama. A wannan darduma ƙullin ya zarce miliyan 25. Abin lura a nan shi ne masaƙi ba shi da damar komawa baya ya yi gyara, kamar yadda mai zane ke yi. Layin da aka danne ya dannu. Saboda haka daidaiton da ake gani tsakanin rabin sama da rabin ƙasa aikin lissafi ne da aka gama tun ba a ƙulla zare ko ɗaya ba, kuma hannaye da yawa ne suka bi shi shekara da shekaru. Masu kiran Maƙsud "masaƙin dardumar" sun yi gaggawa. Abin da ya fi kama hankali shi ne shugaban aikin ne, sauran kuwa ba a saƙa sunansu ba.

Haka nan batun kayan aiki. Zaren tsaye da na kwance na alharini ne, gashin sama kuwa na ulu. Alharini siriri ne ga ƙarfi, shi ya sa aka iya matse ƙulli har reshe ya lanƙwashe sumul ba tare da gargada ba. Ulu kuma ya fi shan rini. Launuka 10 ne a jikinta, daga tsirrai irin su baba da ɓawon rumman. Shuɗin filin ma ba iri ɗaya ba ne, yana yin duhu yana yin haske. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya san dalili: ulu mai yawa haka ba ya rinuwa a tsoma ɗaya, kuma kowane tsomi da irin kamunsa. Wannan rashin daidaito, wanda ba mai zane ne ya tsara shi ba, shi ne ya hana filin zama matacce.

Game da fitilun nan biyu da ɗaya ta fi ɗaya girma, wasu sun ce dabara ce don mai zama a gefe guda ya gan su daidai. Magana ce mai daɗin ji, amma hujjarta ba ta da ƙarfi, domin su kansu fitilun a shimfiɗe aka zana su, ba tare da wata alamar zurfi ba.

Babban abin da yabo ya rufe shi ne gyara. Tagwaye aka saƙa. A ƙarshen ƙarni na 19, da suka shiga hannun 'yan kasuwar Ingila duk sun lalace, sai aka yanki sassan ɗaya aka cike ɗayar. Wadda aka cike ita ce gidan tarihin ya saya a 1893 kan fam 2,000, bayan William Morris ya ba da shawarar haka. Wadda aka yanka tana Los Angeles ta Amurka, inda J. Paul Getty ya bayar da ita kyauta a 1953. Cikar da ake yaba wa ta London, ashe, da jikin 'yar'uwarta aka yi ta. Tun 2006 tana shimfiɗe a ƙasa cikin akwatin gilashi, kamar yadda aka nufa a riƙa kallonta tun asali, ana haska ta na minti 10 kawai a kowane rabin sa'a don kada rinin ya koɗe.