Burkutu Ba Goskolo Ba Ne

Duk sanda aka tashi zancen lalacewar matasa a Jos, sai ka ji an zuba burkutu da barasar goskolo a kwando ɗaya. Wannan ragon nazari ne. Hukuncin sha na bar wa malamai da fastoci, kowa ya san abin da addininsa ya ce. Ni sana'ar nake magana a kai.

Tarihin ba ɓoyayye ba ne. Berom da Ngas da maƙwabtansu da giyar hatsi suke kiran gayya, da ita ake neman aure, da ita ake sallamar mamaci. A 1964 Ba'amurke Robert Netting ya rubuta yadda take tsaye kusan a matsayin kuɗi a wurin ƙabilar Kofyar.

Wani abokina da ya zauna a Turai ya taɓa yi min gorin Mabrodafni, jar giyar inabi mai zaƙi ta yankin Patras a Girka, wadda ta yi suna daga gidan da Bajamushe Gustav Clauss ya kafa a 1861. Dabararsu ita ce, ruwan inabi na cikin tashi sai a kwara masa barasa mai ƙarfi. Tashin ya mutu nan take, zaƙin da ya rage ya tsaya cak, ƙarfinta ya kai wajen kashi 15 cikin ɗari, a jibge a ganga shekara da shekaru. Ba laifi. Amma inabi da zaƙinsa yake zuwa daga gona.

Dawa kuwa, wadda da ita ake burkutu, ba ta da shi, sai an yaudare ta. Nan gwanintar take, a wurin tsiro. Mai dafawa za ta jiƙa jar dawa ta kwana, ta tsame, ta baza a inuwa, ta lulluɓe da ganye, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Ƙwayar ta zaci damina ce, ta fara fid da saiwa, tana mai da garin cikinta zaƙi don ciyar da ɗan tsiron. Ana nan sai a katse mata hanzari, a shanya a rana. In an yi gaggawa, zaƙi bai nuna ba. In an yi sakaci, tsiron ya cinye abinsa. Sanyin Jos ma yakan ja kwanakin, musamman da hunturu. Ina yaro a Tudun Wada na sha ganin maƙwabciyarmu ta tura hannu ƙarƙashin ganyen ta ji ɗumi, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta ce, "Sai gobe." Ma'auninta ke nan. Sauran aikin, niƙa da dafawa da barin ta ta yi tsami da sake dafawa, duk a kan wannan taunar ya rataya.

Kuma ba wanda ke kashe tashin burkutu. Tana kumfa ake zuba ta a ƙwarya. Da safe da sauran zaƙi, da yamma ta yi kauri, jibi ta zama tsami zalla. Masu cewa wannan ne naƙasunta, wai ba ta shiga kwalba, sun karanta abin a baibai. Rashin ajiyuwar ne ya sa dole a tara jama'a a shanye, shi ya sa ta dace da gayya, shi ya kuma hana masu jari ƙwace ta daga hannun matan Kugiya a Bukuru, waɗanda da ita da dusarta suke biyan kuɗin makaranta. Goskolo fa? Ba tsiro, ba murhu, ba jira. A jarka yake zuwa, yaro ya soke ƙaramar roba a aljihu ya koma bayan kango shi kaɗai.