Harshen Umurni a Takardun Aikin Gwaji: Sharhi a kan Darasin Sinadarai da na Kwamfuta a Shekarar Farko ta Jami'a

1. Gabatarwa

A watan Maris na 2025 aka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tun daga lokacin, tambayar da ake yawan yi wa masu nazarin harshe ita ce yaushe za su fito da kalmomin kimiyya a Hausa. Masu tambayar suna ɗauka cewa rashin sunaye ne ya hana a koyar da kimiyya da Hausa, wato da zarar an raɗa wa kowane sinadari da kowane sashe na kwamfuta suna, magana ta ƙare. A cikin wannan maƙala muna so mu nuna cewa wuyar tana wani wuri dabam. Za mu yi haka ta hanyar sharhi a kan wani nau'in rubutu da masana harshe ba su cika waiwaya ba, wato takardar aikin gwaji da ɗalibai ke kira «tepe», a darussa biyu na shekarar farko: ilimin sinadarai, da koyon rubuta wa kwamfuta umurni.

A Maraɗi za mu auna maganar. An kafa jami'ar garin a 2010, tana kuma ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin sinadarai wanda ya shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Ɗalibin da ya zo tsangayar kimiyya daga Tibiri ko Jiratawa da Hausa yake tunani, da Faransanci yake karanta takardar gwaji, idan kuma ya zauna gaban kwamfuta kalmomin Ingilishi zai buga. Harsuna uku ke nan a cikin aikin awa biyu ko uku.

2. Siffar takardar gwaji

A duk inda ake karatu bisa tsarin Faransa, takardar gwaji kusan siffa ɗaya gare ta: manufar aikin, jerin kayan aiki, matakan da za a bi, sannan tambayoyin da ɗalibi zai amsa a rahotonsa. Masu rubuta ta sun fi kashe ƙarfinsu a kan sunaye. Ana zana hoton burette da pipette da bécher, a rubuta sunan kowanne a ƙarƙashinsa. Amma sunan kayan aiki shi ne mafi sauƙin koyo, domin abin yana hannun ɗalibi, kuma kafin a tashi daga zama na farko ya riga ya Hausantar da su, ya ce buret, fifet, beshar, kamar yadda iyayensa suka Hausantar da lakkol da mushe. Faransancin kansa aro ya yi. Lokacin da Lavoisier da abokan aikinsa uku suka tsara sunayen sinadarai a 1787, sunan oxygène da suka tabbatar daga Girkanci aka ƙera shi, ma'anarsa «mai haifar da tsami», bisa zaton cewa kowane asid yana ɗauke da shi. Daga baya aka gano zaton kuskure ne, sunan kuwa yana nan, bai hana kowa aiki ba.

Inda takardar ke ƙwauron bayani shi ne wajen matakai. Ana jera su da aikatau na Faransanci marasa lokaci, marasa mai aikatawa, irin su verser, agiter, rincer, diluer, kamar dai kowa ya riga ya san abin da hannu zai yi.

3. Aikatau a ɗakin gwaji

Mu ɗauki gwajin da kusan kowane ɗalibin shekarar farko ke yi, wato auna ƙarfin asid da ruwan soda. Ana ɗebo mililita 10 na asid (HCl) da fifet a sa a beshar, a ƙara ɗigo biyu na phénolphtaléine, sannan a riƙa sako soda (NaOH) mai ƙarfin mol 0,1 a lita daga buret. Muddin asid ne ya rinjaya, haɗin ba shi da launi. Da soda ta ɗan wuce, sai ya koma ruwan hoda. Idan mililita 12 aka sako kafin launin ya juya, ƙarfin asid ɗin mol 0,12 ne a lita. Lissafin ba shi da wuya. Ɗigon ƙarshe ne ke gyara sakamakon ko ya ɓata shi, kuma a kansa takardar ba ta da abin faɗa sai jimla irin wannan:

(1) Verser la soude jusqu'au virage.

Aikatau ɗaya, verser, shi ke ɗauke da ayyukan da Bahaushe ya riga ya rarrabe:

(2) a. a zuba: sa ruwa a cikin mazubi
b. a juye: mayar da shi duka daga wannan mazubi zuwa wancan
c. a tsiyaya: sako shi siriri a hankali
d. a ɗiga: sako shi ɗigo-ɗigo
e. a zubar: rabuwa da shi

Mai karatu zai lura cewa (2a) da (2e) saiwarsu ɗaya, giredi ne ya bambanta su, na 1 da na 5 a rabon da Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960. Gwajin namu da tsiyayawa yake farawa, ya ƙare da ɗigawa. Saboda haka abin da (1) ke nufi a aikace shi ne:

(3) A tsiyayo soda ana kaɗa beshar. Idan launi ya fara bayyana yana ɓacewa, a koma ɗigawa ɗaya-ɗaya har sai ruwan hodar ya tsaya.

Jimla ta (3) ta fi ta (1) tsawo, ta kuma fi ta faɗa wa hannu abin da zai yi. Wakilin suna «a» ya wadatar wajen ba da umurnin da ba a ambaci mai aikata shi ba, «kada a» kuma wajen hani. Ma'anar gwajin ita ma sananniya ce a gida. Matar da ke jefa kanwa a miyar sure don ta kashe tsami, aikin cikin beshar take yi, tun da kanwa galibinta carbonate na sodium ce; jan ruwan zoɓo kuwa yakan sauya launi idan aka sa masa kanwa, kamar yadda phénolphtaléine ke yi da soda. A ganinmu «kashe tsami» ya isa fassarar neutraliser, ba sai an ƙera wata kalma ba.

4. Mahaɗai a darasin kwamfuta

A al'adar Faransa, kafin ɗalibi ya taɓa harshen na'ura, ana koya masa rubuta matakan aiki da wani Faransanci taƙaitacce: DÉBUT, FIN, SI… ALORS… SINON, TANT QUE… FAIRE, RÉPÉTER… JUSQU'À. Daga nan ya mayar da su zuwa Pascal na Niklaus Wirth (1970), ko C na Dennis Ritchie (1972), ko Python na Guido van Rossum (1991). Abin lura a nan shi ne, kwamfuta ba ta karanta wannan matakin na tsakiya, don mutum kawai aka yi shi. Ashe ke nan babu abin da ya wajabta a yi shi da Faransanci, kuma nan ne ƙofar da Hausa za ta shiga ba tare da an sauya ko harafi ɗaya na abin da na'ura ke karantawa ba. Mu duba:

(4) a. Muddin randa ba ta cika ba, a ƙara guga ɗaya.
b. A ƙara guga ɗaya, a yi ta yi har sai randa ta cika.

A (4a) ana leƙa randa kafin a zuba, a (4b) sai an zuba ake leƙawa. Idan randar a cike take tun farko, mai bin (4a) ba zai taɓa guga ba, mai bin (4b) kuwa zai yi ɓarin guga ɗaya. Wannan shi ne dukan bambancin TANT QUE da RÉPÉTER, kuma jerin kalmomin Hausar ya nuna shi a fili. Pascal yana da kalmomin (4b) kai tsaye. C yana juya sharaɗin, ya mayar da «har sai ta cika» zuwa «muddin ba ta cika ba». Python ba shi da wannan ginin, sai an zagaya.

Idan mai karatu ya koma ga (3), zai ga ginin (4b) ne daidai: a ɗiga, a kaɗa, a duba, har sai launi ya tsaya. Ɗalibi ɗaya ne ke yin darussan biyu a mako ɗaya, amma da yake sassa biyu ne ke rubuta takardun, kowanne da kalmominsa, babu abin da ke nuna masa cewa tunani ɗaya yake yi sau biyu. Wannan, a ra'ayinmu, shi ne babban aibin takardun.

Wani misalin shi ne x = x + 1, wanda ɗalibin da ya fito daga lise yake gani a matsayin ƙarya, domin babu lambar da ta yi daidai da kanta an ƙara mata ɗaya. A harshen C alamar = umurni ce, alamar == kuma tambaya ce. Hausa ta raba su da aikatau: «a ƙara wa x ɗaya» a gefe guda, «shin x daidai yake da…» a ɗaya gefen.

Muna gargaɗi a kan fassara kalmomin na'urar kansu. Faransa ta gwada haka a shekarun 1970 da harshen LSE, wanda kalmominsa na Faransanci ne, aka koyar da shi a lise 58. Bai ɗore ba, domin sauran duniya da wasu harsuna take aiki. Ɗalibin Maraɗi yana buƙatar if da while kamar yadda yake buƙatar NaOH.

5. Inda Hausa ke buƙatar gyara

Kada a ɗauka muna cewa Hausa ta shirya tsaf. Akwai wuraren da Faransanci ya rarrabe, Hausar yau da kullum ta haɗe. «Narke» yana ɗauke da fondre da se dissoudre: man shanu ya narke a wuta, gishiri ya narke a ruwa, alhali a kimiyya abubuwa biyu ne dabam. «Zafi» yana ɗauke da chaleur da température, «nauyi» da masse da poids. Mafi haɗari ita ce kalmar «ruwa», wadda ke nufin eau da liquide gaba ɗaya. Doka ce a ɗakin gwaji cewa asid mai ƙarfi (H2SO4) shi ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikinsa, domin haɗuwarsu tana fitar da zafi mai yawa, ruwan kuma da yake ya fi sauƙin nauyi sai ya tsaya a sama, ya tafasa, ya fantsamo wa mutum asid a fuska. Idan aka kira asid ɗin da sunansa na kasuwa, ruwan batir, dokar za ta zama «a zuba ruwa a cikin ruwa». A nan aron kalmar asid ya fi aminci.

Haka abin yake ga mahaɗai. «Idan» yana nufin si, yana kuma nufin quand, kamar a «idan rana ta faɗi». Ɗalibi na iya zaton na'ura za ta tsaya ta jira sharaɗin ya cika, alhali sau ɗaya take dubawa ta wuce. Muna ba da shawarar «in har… to…, in ba haka ba…». Sannan «da» sunaye yake haɗawa, ba ya haɗa jimloli, don haka ET na sharaɗi sai dai ya zama «kuma». Waɗannan duka matsalolin ma'ana ne da na ginin jimla, jerin sunaye ba ya warware ko ɗaya daga cikinsu.

6. Abin da ke bayan maganar

Wanda ya gama wannan karatu, da Hausawa zai yi aiki. A Tibiri, rijiyar burtsatsen da aka fara shan ruwanta a tsakiyar shekarun 1980 tana ɗauke da fluor da ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, miligiram 1,5 a lita, fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka tashi da lalatattun haƙora da lanƙwasassun ƙasusuwa, har ƙungiyar FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Fluor a ruwa ba shi da launi, ba shi da wari. Ma'aikacin da ya auna shi, idan iyakar abin da ya iya faɗa wa uwa shi ne ruwan ba shi da tsabta, abin da za ta yi shi ne ta tace da ƙyalle ko ta tafasa, kuma babu wanda zai raba ta da gubar. Tafasawa ma ƙara mata ƙarfi take yi, tun da ruwa ke tashi, fluor ya zauna. Sai ya iya bayyana mata bambancin abin da ya narke a ruwa da abin da ke kwanciya a ƙasan randa. Haka kuma a fadamar noman rani ta Jiratawa, mai sirka maganin feshi yana buƙatar a faɗa masa murfi nawa a lita nawa, da wanda ake fara zubawa, takardar jikin kwalbar kuwa da Faransanci ko Ingilishi take.

7. Kammalawa

Abdu Mumuni ya yi kira a koyar da harsunan Afirka tun a littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, an kuma tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar a 1999. A Nijeriya, Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba mu kalmomin nazarin harshe da adabi. Abin da ya rage a fagen kimiyya shi ne aikin da wannan sharhi ya nuna. Muna ba da shawara uku. Na farko, a bar alamomin sinadarai da kalmomin na'ura yadda suke. Na biyu, ɗalibanmu masu neman digiri na biyu su shiga ɗakunan gwaji da na'urar ɗaukar magana, su tattara Hausar da ɗalibai ke yi wa junansu bayani da ita a bakin tebur, domin daga can ya kamata aikatau da mahaɗai su fito. Na uku, malamin sinadarai da na kwamfuta da na harshe su zauna tare su fitar da takardar gwaji guda ɗaya mai shafi biyu, Faransanci a hagu, Hausa a dama, a gwada ta da aji ɗaya na zango ɗaya, a kwatanta rahotanninsu da na ajin da bai samu ba. Sakamakon wannan kwatancin ne zai nuna ko abin da muka faɗa a nan yana da tushe.