Fito-na-fito da Ƙuncin Zuciya a Cikin Eugene Onegin na Pushkin

Gabatarwa

A ƙarni na 18 da na 19, masu sarauta da hafsoshin soja na Turai sun riƙi wata al'ada ta kare mutunci. Idan mutum ya ga an ci zarafinsa, sai ya aika wa wanda ya yi masa laifin da takardar neman fito-na-fito. A sa rana, kowa ya zo da wakilinsa, a auna tazara, a miƙa wa kowannensu ƙaramar bindiga, su harbi juna. A ƙasar Rasha, dokar soja ta Sarki Bitrus na Ɗaya ta shekarar 1715 ta yanke hukuncin rataya a kan masu yin haka, har da gawar wanda aka kashe, amma al'adar ba ta mutu ba. Manufarmu a nan ita ce mu dubi yadda Aleksanda Pushkin ya kalli wannan al'ada a cikin Eugene Onegin, ƙagaggen labarin da ya tsara cikin waƙa, wanda ya fito cikakke a 1833.

Musabbabin faɗan

Tauraron labarin, Onegin, saurayi ne mai dukiya wanda duniya ta gundure shi. Ya koma ƙauye, ya ƙulla abota da Lenski, mawaƙi ɗan shekara 18 da ya yi karatu a Jamus, yake kuma shirin auren Olga. A wajen wani biki na yayarta Tatiyana, Onegin ya ji haushin abokinsa da ya jawo shi cikin taro, sai ya huce ta hanyar yin ta rawa da Olga. Iyakar laifin ke nan. Lenski ya fusata ya aika da takarda, Onegin ya amsa nan take.

Abin lura shi ne, kafin ranar ta zo babu sauran dalilin faɗa. Lenski ya ziyarci Olga ya tarar tana nan a kan sonsa. Shi ma Onegin, da ya kaɗaita, ya tuhumi kansa da yin wasa da zuciyar yaro. To, me ya hana su janyewa? Amsar marubucin ita ce tsoron bakin mutane. Wakilin Lenski, wato Zaretski, tsohon gwanin fito-na-fito ne mai yawan tsegumi, kuma Onegin ya san idan ya nemi sulhu za a yi ta yi masa dariya a kira shi matsoraci. Ashe mutuncin da ake cewa ana karewa yana hannun 'yan gulma ne.

Yadda aka karya ƙa'ida

A babi na shida an nuna Onegin ya makara, ya bar abokin karawarsa yana jira a gindin injin niƙa, sa'an nan ya gabatar da baransa Bafaranshe a matsayin wakili, alhali ƙa'ida ta ce wakili ya zama tsaran mutum a daraja. Manazarci Yuri Lotman, a sharhinsa na 1980, ya nuna cewa irin waɗannan kurakurai sun isa a fasa karawar, kuma Zaretski ya ƙi sauke nauyin da ke kansa na neman sasantawa. Sai kawai ya auna taki 32. Onegin ya riga harbi, Lenski ya faɗi matacce, saura ƙasa da mako biyu a ɗaura masa aure.

Abin da ya biyo baya

A ganinmu, nan ne jigon littafin ya fi ƙarfi. Al'adar ta tanadi ƙa'ida ga kowane mataki, tun daga rubuta takarda har zuwa ɗana kunama, amma ba ta tanadi komai ba ga wanda ya rage da rai. Onegin ya rasa amininsa, kuma shi ne ya kashe shi, don haka ba shi da bakin yin makoki, ba kuma wanda zai yi masa ta'aziyya. A idon jama'a ya fita kunya, saboda haka ba wanda ya tuhume shi balle ya sami damar neman gafara. Baƙin cikin da ba a faɗa sai ya koma ciwo: ya bar ƙauyen domin surar mamacin na yi masa gizo kullum, ya shiga yawon duniya ba da wata manufa ba.

Marubucin bai tausaya wa mamacin da ƙarya ba. Ba a daɗe ba Olga ta auri wani soja, ciyawa ta rufe hanyar kabarin. Mutumin da ya fi kowa tuna Lenski shi ne wanda ya harbe shi. Ko da Onegin ya koma birnin Petersburg ya nemi Tatiyana, wadda ya ƙi a da, ta riga ta yi aure, ta kuma ƙi shi. Da-na-sani ƙeya ce.

Kammalawa

Pushkin ya fahimci wannan tarko sarai, amma fahimtar ba ta fid da shi ba. A 1837, saboda tsegumin da ake yi a kan matarsa, ya kara da hafsan soja Dantes, mijin yayar matar tasa, aka harbe shi a ciki, ya rasu bayan kwana biyu yana da shekara 37. Mawaƙi Lermontov, wanda ya yi masa waƙar makoki, shi ma haka aka kashe shi a 1841. Wannan ya tabbatar mana da cewa ƙarfin al'adar ba ya ga jahilcin masu yin ta. Muddin mutum ya ɗora mutuncinsa a kan abin da za a ce, to, yana iya ganin rami da idonsa ya kuma faɗa.